Za a kai mu kwana gidan manoma a ƙauyen Japan, dan Allah ina neman shawara

Ɗan Kura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka riga mu zama a waje musamman Japan ku ba ni shawara. Ni ɗalibi ne a Beppu, jihar Oita, wata na shida kenan da zuwa. Ofishin da ke kula da ɗaliban waje sun shirya kai mu wani ƙauye da ake kira Ajimu ranar Asabar mu kwana mu dawo Lahadi da yamma, za a rarraba mu bibbiyu gidajen manoma mu ci abin da suke ci mu bi su gona. Wallahi raina yana so sosai don ni ɗan manomi ne, Babanmu shinkafa yake yi a Kadawa, tun ina firamare nake bin sa dashe da yanka, ga shi yanzu lokacin girbinsu ne a nan kullum in na wuce a bas sai in ga gonaki sun nuna sun yi ruwan ɗorawa in ji kamar in sauka. Abin da ke damuna shi ne abinci da sallah, sai kuma wanka da na ji an ce duk gida ruwa ɗaya suke shiga. Japanancina bai wuce gaisuwa da cefane ba, ina tsoron tsohuwa ta wahala ta yi min girki in ce ba zan ci ba ta ji ba daɗi. Ranar Laraba zan mayar da fom. In je ko in haƙura?

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam ƙanina, ka je, kar ma ka tsaya dogon tunani. Na yi shekara huɗu a Fukuoka kuma sau biyu na yi irin wannan kwanan. Mutanen Ajimu ba yau suka fara ba, tun 1996 suke saukar baƙi a gidajensu, har suna da wata magana wai in ka kwana sau ɗaya ka zama dangi na nesa, in ka kwana sau goma ka zama ɗan gida. Sun saba da baƙi, abin da ba sa so kawai shi ne a zo musu da magana bayan an gama girki.

To wannan fom ɗin shi ne komai. Kar ka rubuta "halal" kawai ka yi shiru, tsohuwar ƙauye ba lallai ta san me kake nufi ba. Ka samu ɗan ajinku Bajapane ya rubuta maka dalla-dalla: ba ka cin butaniku wato alade da duk abin da aka yi da shi irin su naman gwangwani da tsiran alade da romonsa, ba ka shan giya, kuma a cire sake da mirin a girki, su biyun nan giyar shinkafa ce da suke zubawa a miya da dahuwar kifi kamar yadda muke jefa magi ba tare da tunani ba. Ka ƙara da inoshishi, aladen daji kenan, yana musu ɓarna a gona sosai shi ya sa za ka ga wayar lantarki zagaye da shinkafa, suna kama shi da tarko kuma a wajensu karramawa ce a dafa wa baƙo. Ni abin da ya fi min sauƙi na ce musu ba na cin nama gaba ɗaya, amma kifi da ƙwai da awara da ganye da shinkafa a kawo ko nawa ne. Ka tabbata ka rubuta abin da kake CI, don in jerin hani kawai ta gani hankalinta zai tashi ta rasa me za ta dafa.

Sallah kuma ka tuna alƙiblarku yamma ce da ɗan karkatawa arewa, ba gabas irin na gida ba, ka duba a waya ka tafi da dardumarka. Sau da yawa ɗakin da suke sauke baƙo shi ne babban ɗakin tatami, wato mai shimfiɗe da tabarmarsu ta gargajiya, wanda a ciki ake ajiye butsudan, wani ɗan akwatin ibadarsu da hotunan iyayensu da suka rasu. Ni da na ga haka sai na roƙi mai gidan na yi sallata a barandar katako da ke gefen ɗakin, bai ce komai ba illa ya kawo min bargo don sanyin asuba.

Malam Sani Gusau:
Ni dai ra'ayina daban. Ko ka rubuta musu, tukunyar fa, da cokalin, da miyar waken soya, ruwan ɗanɗanon nan da suke zubawa a girki, da su kansu ba su san me ke ciki ba? Ajimun nan ma garin inabi ne har giya ake yi da shi a can. Barin abin da ake kokwanto ya fi kwanciyar hankali, karatu ka je yi. In kuma lallai sai ka je to ka fara zuwa masallacin Beppu ka tambayi liman da waɗanda suka daɗe, sun fi mu sanin yadda ake yi da irin waɗannan abubuwa.

Maman Ilham:
Malam Sani maganarka ta tambayar liman gaskiya ce amma ban goyi bayan ya fasa ba. Ni a Maleshiya na yi karatu, a Sintok jihar Kedah, an kai mu wani kampung wato ƙauye muka kwana cikin gonakin shinkafa, can dai Musulmi ne babu matsalar abinci, a ƙasa muka zauna da hannu muka ci kamar a gida, magariba muka tafi surau, ɗan ƙaramin masallacinsu, tare da matan gidan. Har yau in an ce Maleshiya ba lakca nake tunawa ba, tsohuwar nan nake tunawa da ta tashe ni da duhun asuba ta kai ni in ga yadda ake tsaga bishiyar roba farin ruwan yana ɗiga cikin ɗan kofi. Shekara uku ina ƙasar a hostel daga aji sai ɗaki sai kanti, kwana ɗayan nan ne na shiga gidan ɗan ƙasa. Ƙanina ka je amma kar ka je hannu rabbana, dabino ya isa, ko busasshen zoɓo ka dafa musu da kanka. Kilishi kam kar ka sa a kawo maka, Japan sun hana shiga da nama.

Abu Hanif:
Na manta wanka. Ruwan bahon ba na wanke jiki ba ne, a waje kake zama kan 'yar kujera ka yi sabulu ka ɗauraye tas sannan ka shiga ka jiƙa jikinka, kai kaɗai ne a ciki ƙofa a rufe, kuma baƙo suke fara ba wa. Kar ka zare toshiyar ruwan in ka fito don wasu za su shiga bayanka, in ba ka so ma shawa ta isa. Alwala a nan za ka yi ko a wajen wanke fuska, banda masai, ƙasansa a bushe yake kuma yana da silifas ɗinsa daban da ba a fita da su. Turare mai ƙarfi ma ka rage.

Ɗan Kura:
Jama'a na je na dawo Alhamdulillah, Allah ya saka da alheri. Malam Sani na bi shawararka na yi tambaya a masallaci bayan Juma'a kafin in tafi, har miyar waken soya mai tambarin halal na saya na tafi da ita, Okasan, haka muke kiran matar gidan wato Mama, ta karɓa da ita ta yi duk girkin. Takardar da na rubuta na tarar ta manne ta a jikin firji ta ja layi da jan biro ƙarƙashin mirin. Ta gasa kifi ta yanka mana kabosu, wani lemon tsami nasu na Oita, ga miyar ganye da awara ga sabuwar shinkafa.

Mai gidan ya haura saba'in, 'ya'yansa duk suna birni, shi da matarsa ne kawai a gona, ya nuna min gidaje biyu a layinsu da babu kowa ciki. Da ɗan ƙaramin injin girbi yake aiki wanda ke yanka ya sussuke a tafiya ɗaya, amma kusurwoyin gona sai an yanke da lauje don injin ya samu wajen juyawa. Da ya miƙo min laujen zai koya min sai na duƙa na kama yanka ina tara dami, ya tsaya yana kallona ya kira matarsa ta zo ta gani, na ciro waya na nuna musu hoton Baba a gonarmu ana bugun shinkafa a jikin ganga, ya daɗe yana kallo yana faɗaɗa hoton da yatsa, ta manhajar fassara ya tambaye ni mutum nawa ke wannan aikin, da ya ji mu sau biyu muke nomawa a shekara saboda ruwan dam ɗin Tiga ya yi mamaki don shi sau ɗaya yake yi. Sun kasa gane dalilin da ya sa muke turara shinkafa kafin a kai inji, su ɗanya suke ajiyewa a buhun takarda mai kilo 30 sai za a ci a kai wani ɗan injin gefen titi a jefa kwabbai ya cashe. Lahadi da safe ya kai mu can bayan gidansu cikin inuwar itatuwa inda ya jingina gungume yana noman shiitake, laimar kwaɗin nan da suke ci, ya ce sai an jira kusan shekara biyu kafin gungume ya fara bayarwa.

Da asuba wajen ƙarfe biyar na fito alwala a hankali kar in tashe su, ashe Okasan ta riga ta bar min fitila a kunne da tawul a naɗe a bakin ƙofa. Da za mu tafi ta ƙullo min shinkafa a leda, shi kuma ya ce in dawo watan Yuni lokacin dashe yana so ya ga yadda muke yi da hannu. Yaya Abu Hanif dan Allah in zan koma ni kaɗai ba ta makaranta ba, ta waya ake sanar da su ko wasiƙa ta fi dacewa?