Mai shekara 38 ya makara da koyon tuƙin jirgin sama?

Mushen lissafi: Salamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Shekarata 38, shekara 13 ke nan ina riƙe da alli a nan Damagaram. Ina son in sayar da filina in tafi koyon tuƙin jirgin sama. Jiya a fada wani ya ce wanda ya haura 35 ya makara. Haka ne?

Ɗan Birni: Zancen shan shayi ne kawai. A ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, matuƙin jirgin fasinja na ƙasa da ƙasa yana aiki har shekara 65. Ko a 41 ka gama, saura 24. Ina makarar take?

Hajiyar Zango: Ni tambayata ɗaya, ƙanena. Uwargida ta san da zancen filin?

Mushen lissafi: Ta sani, Yaya. Ba ta ce uffan ba, ta dai ci gaba da tankaɗen garinta.

Hajiyar Zango: To ai ta ba ka amsa.

Tsohon ma'aikacin filin jirgi: Bari in sa baki, don na tsufa ina kallon jirage suna sauka suna tashi. Ɗan Birni, lissafinka daidai ne a takarda, amma ba ta wajen shekaru gizo ke saƙa ba. Lasisin da za a fara biyan ka albashi da shi, wajen awa 200 na tashi yake so, kuma kowace awa kai za ka biya man jirgi da malami. Maganar gomomin miliyoyin sefa ake yi. Lasisin zama kyaftin kuwa sai awa 1,500. A tsakanin nan ne mutane ke maƙalewa: kamfani yana neman mai awoyi, awoyin kuma ba sa taruwa sai kamfani ya ɗauke ka. Yaro ɗan 23 zai zauna gidan ubansa shekara biyu yana cin tuwo kyauta yana jiran kira. Mushe fa? Wa zai biya kuɗin lakwal ɗin yara, wa zai sayi ruwa wajen ƴan garuwa lokacin bazara? Kuma tun da kamfanin jiragen Air Afrique ya durƙushe a 2002, ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa a yankin nan ba su da yawa. Kowa idonsa na kan ASKY a Lome ko kamfanonin Najeriya.

Ɗan Birni: Baba, ai ga makarantar EAMAC a Yamai, ba sai ya ƙetare iyaka ba.

Tsohon ma'aikacin filin jirgi: A'a ɗana. EAMAC ta ASECNA ce, hukumar kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyar yankin nan, tana horar da masu ba jirage hanya daga hasumiya, da masu duba yanayi, da masu gyaran na'urori. Tuƙi sai ka je Zariya, kwalejin da aka kafa tun 1964, ko Habasha, ko Afirka ta Kudu. Ga Ingilishi, dole ka kai mataki na 4 na ICAO, mu kuwa da Faransanci aka rene mu.

Malamar asibiti: Duk kun tsallake na farko. Kafin ka sa hannu a takardar fili, je ka yi gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya: ido, kunne, zuciya, hawan jini, sukari. Wani ɗan uwanmu sai da ya zuba kuɗin makaranta sannan aka gano ba ya rarrabe ja da kore. Kuɗin har yau ana bin su.

Mushen lissafi: Tabarau nake sawa fa.

Malamar asibiti: Tabarau ba ya hanawa muddin yana gyara ganin. Hawan jinin da ka ƙi zuwa a auna tun bara shi nake ji maka.

Ɗan Birni: Ni dai ina nan kan bakana, bai makara ba. Ba wanda ya kawo dokar da ta hana shi.

Hajiyar Zango: Doka ba ta hana ba, buhun hatsi ne zai hana.

Mushen lissafi: Na ji. Gwajin zan fara yi in an ba da hutu, fili ya dakata tukuna.

Alhajin kasuwar Dole: Mushe, filin nan a wace unguwa yake? Tambaya kawai nake yi.