Wai ina kurungu ya shiga ne?

Maman Khalifa, Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya, ni dai tun ina yarinya a Yawuri kurungu ne kifin gidanmu, bandarsa muke sawa a miyar kuka, amma yanzu in na je kasuwar Mile 12 wanda nake samu duk 'yan mitsi-mitsi ne kamar ɗan yatsa, ga tsada, tarwadar kiwo kuwa ta cika ko'ina. Ƙarewa yake yi ne ko kawo shi Legas ne ba a yi?

Ɗan Sarkawa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wlh kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni a su na tashi kafin na zo nan ina dako. Da can in muka ja taru sai ka ji kurungu na ta kuka ƙii ƙii a cikin jirgi, in ka yi wasa ƙayarsa ta soke ka ka kwana kana jin zogi. Matsalar taru mai ƙananan ido ne, yana kwashe uwa da 'ya'ya, ga masu zuba gamalin, wato maganin kashe ƙwari, a ruwa, na ga wannan da idona, da safe bakin gulbi fari fat, har wanda bai kai a ci ba ya mutu a banza.

Abu Hanifa, Idi Araba:
Gaskiya ne yaya. Shi kurungu ba shi da ɓamɓaroki a jiki kamar dai tarwada, a kimiyyance sunansa Synodontis, akwai iri sama da 100 kuma a Afirka kaɗai ake samunsu, wasu ma a rigingine suke iyo. Da damina yake hayayyafa in ruwa ya malala fadama, to tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ambaliyar ta sauya, mu kuma lokacin da yake ɗauke da ƙwai muka fi kama shi.

Baba Mai Banda:
Yara ku duba Argungu mana, a kogin Matan Fada ba a barin kowa ya yi su sai lokacin biki, shi ya sa ake samun manya. In sarakunan ruwa suka tsaya haka a ko'ina zai dawo. Ni dai na daina karɓar ƙanana daga masu kawo min kaya, ko da kuwa da araha.

Maman Khalifa:
Allah ya saka da alheri Baba, nima na bar sayen ƙananan in sha Allah. A wane layi kake a kasuwa? Asabar zan shigo.