Neman bayani kan lissafin zafin ƙarfe a cikin ruwa

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum, malamai. An ba mu wata tambaya a darasin kimiyyar sinadarai, na yi lissafin har sau uku amma amsar ta ƙi shiga hankalina. An dafa guntun ƙarfe mai nauyin giram 50 a tafasasshen ruwa har ya kai digiri 100, sannan aka tsoma shi cikin giram 100 na ruwa mai digiri 25, daga bisani duka suka tsaya a digiri 28.3. Ana neman adadin zafin da giram ɗaya na ƙarfen yake buƙata kafin ya ƙaru da digiri ɗaya, wato c a cikin Q = m × c × ΔT, inda Q shi ne yawan zafi, m nauyi, ΔT kuma canjin digiri. Na samu cewa ruwan ya karɓi jul 1,379 (jul shi ne ma'aunin yawan zafi), na raba da 50 × 3.3, sai na samu 8.36. Ina ne na kauce?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Rabin farko na aikinki daidai yake, domin c ɗin ruwa 4.18 ne, kuma 100 × 4.18 × 3.3 yana ba da jul 1,379. Kuskuren ya shigo ne lokacin da kika ɗauki 3.3 ɗin ruwa kika ɗora wa ƙarfe. Abin da ya zama ɗaya tsakaninsu shi ne yawan zafin da ya fita daga ƙarfen ya shiga ruwan, amma kowannensu da nasa canjin digiri. Ruwan ya hau daga 25 zuwa 28.3, shi kuwa ƙarfen ya sauko ne tun daga 100, saboda haka nasa canjin 71.7 ne. Idan kika raba 1,379 da 50 × 71.7 za ki samu kusan 0.385, wanda shi ne adadin da aka sani na jan ƙarfe.

Ya kamata 8.36 ta tsayar da ke tun kafin ki sake lissafi, domin ta ninka ta ruwa sau biyu, alhali ruwa yana cikin abubuwan da suka fi komai shan zafi kafin su ɗumama. Na alminiyam kusan 0.90 ne, na baƙin ƙarfe 0.45, na dalma kuwa 0.13 kacal. Duk lokacin da ƙarfe irin waɗannan ya ba ki amsar da ta haura ta ruwa, ki koma ki duba ΔT.

Mai Kula da Ɗakin Gwaji:
Bayanin Malam ya wadatar ga amsar takarda, sai dai ina so in ja hankalinki, 'yar'uwa, idan za ki yi gwajin da hannunki. Lissafin yana ɗauka cewa zafin bai zurare ko'ina ba, alhali kofin da ruwan yake ciki yana shan nasa, iska ma tana ɗaukar wani a 'yan daƙiƙun da ake ciro ƙarfen da hantsaki, kuma ɗigon tafasasshen ruwan da ya maƙale a jikinsa yana ƙara wa kofin zafin da ba na ƙarfen ba ne. Ban da haka, tun da hawan ruwan 3.3 ne kawai, ƙaramin kuskuren karatu yana da nauyi: da ma'aunin zafi ya nuna 28.2, amsar za ta koma kusan 0.373. Shi ya sa ban cika yarda a ce gwajin ya tabbatar da jan ƙarfe ba, tun da na tutiya 0.39 ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai wannan kuskuren ba. Launin guntun zai fi saurin raba gardama.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode ƙwarai, yanzu na ga inda na haɗa abin da bai haɗu ba. Saura abu ɗaya, Malam: littafinmu ya rubuta c ɗin ruwa a matsayin 4,180 maimakon 4.18, kuma ya yi amfani da ma'aunin zafi na Kelbin, shin sai na mayar da digirin zuwa Kelbin kafin in fara?

Malam Mai Alli:
Ba sai kin mayar ba, domin 273.15 da za ki ƙara wa kowane ɓangare don ya koma Kelbin yana ɓacewa wajen ɗebewa, tazarar 71.7 tana nan yadda take. Abin lura shi ne 4,180 na kilogiram ne, don haka sai ki rubuta nauyin ruwan 0.1, na ƙarfen kuma 0.05, amsarki ta fito kusan 385.