Taɓin hankali ciwon jiki ne da ba a gano ba? Muhawarar da ta ɓarke a zauren 'yan unguwa

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya faru da Yayata ne ya hana ni shiru. Kusan shekara 2 ba ta barcin kirki, gabanta na faɗuwa, hannu na rawa, tana cin abinci kamar gara amma tana ramewa, ga gumi ko da sanyin Janairu ne. Faɗa kuwa har da yaran maƙwabta. Aka ce iska ce, aka yi ta ruƙiyya. Wani asibitin kuɗi ya ba ta maganin barci ya sallame ta, ko wuyanta ba a taɓa ba. Sai da wata likita ta lura idanunta sun firfito, ta sa aka gwada jini, ashe ƙululun maƙogwaronta ne, wanda ke kumbura ya zama maƙoƙo, yake zubo sinadari fiye da kima. Wata 3 da fara magani ta dawo Yayar da na sani. Ni yanzu na yarda babu wani taɓin hankali, ciwon jiki ne da ba a gano ba.

Kawu na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara mata lafiya. Amma 'yata, ki janye maganarki ta ƙarshe. Ɗana shekara 11 ke nan yana karɓar magani a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Ba gwajin da ba a yi masa ba, jini, fitsari, hoton kai, duk lafiya lau. Amma in ya bar magani wata 1, sai ya fara jin muryoyi. Akwai masu karanta mu da ke da irinsa a gida, kada wani ya ji ki ya ce a ajiye magani a tafi neman maƙoƙo.

Maman Hanifa: Kawu, ban ce a ajiye ba. Amma da a ce ita ma an ɗora ta kan maganin ƙwaƙwalwa tun farko fa?

Anti Nas: Maman Hanifa, kin kama gaskiya amma kin ja ta har ta tsinke. Kawu ya fi ki gaskiya a kan ɗansa, akwai cutar ƙwaƙwalwa mai zaman kanta da gwajin jini ba ya nunawa. Sai dai abin da ya samu Yayarki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ƙululun nan in ya yi aiki da yawa sai fargaba da rashin barci, in kuma ya yi sanyi sai kasala, ƙiba, mantuwa da baƙin ciki, har a ce damuwa ce. Mai ciwon sukari da ya sha magani ko ya yi allurar insulin bai ci abinci ba, sukarinsa na faɗuwa sai ya hau sambatu da zage-zage, wani ma ya kai duka, ana ba shi abu mai zaƙi ya dawo hayyacinsa. Taifot in ya yi tsanani yana rikita tunani, haka zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Tsoho kuwa, ciwon mafitsara kaɗai ya isa ya sa ya kasa gane 'ya'yansa, kuma abin ya fi tashi da dare. Abin da nake roƙon kowa ya riƙe shi ne, in mutum ya rikice cikin kwana 1 ko 2, ga zazzaɓi, bai san inda yake ba, bai san safiya ce ko yamma ba, wannan asibitin gaggawa za a kai shi a ranar, ba ɗaki za a kulle shi ba.

Malamin Islamiyya: Na ji ana neman ɗora wa ruƙiyya laifi. Ruƙiyya sunna ce, kuma ba ta hana zuwa asibiti. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Wanda ya riƙe mara lafiya shekara 2 yana ganin tana ramewa bai ce a je a duba ta ba, shi ya yi kuskure, ba karatun ba.

Maman Hanifa: Allah gafarta Malam, ai ko ni da bakina na ce iska ce. Wannan ne ke ci mini rai har yau.

Ɗan Rigasa: Ni ta wani gefen abin ya zo mini. Sikila gare ni tun haihuwa. In ciwo ya tashi na je neman allura, kallon ɗan ƙwaya ake yi mini. Na yi wata da watanni ba na fita, ba na son ganin kowa, na fara tunanin gara in huta gaba ɗaya. Kowa ƙashina yake tambaya, ba wanda ya taɓa cewa yaya zuciyarka. To Anti, wannan ciwon jiki ne ko na kai?

Anti Nas: Duka biyun ne ƙanena, kuma na kan ma yana da magani, kada ka bari sai ya ci ƙarfinka. In tunanin nan ya dawo ka faɗa wa likitanka ko wani na gida a ranar, ni ma ƙofata a buɗe take. Irin haka ne ga masu shanyewar ɓarin jiki, kusan 1 cikin 3 na faɗawa cikin ciwon damuwa bayan haka, sai mu ce wai sun ƙi tawakkali. Af, 'yan mata masu shan sha-ka-fashe don ƙiba, wato maganin deksametason, ku sani yana hana barci, yana birkita hali, wasu har gane-gane suke yi.

Kawu na Tudun Wada: Tunda an zo nan bari in tambaya. Yaron nawa ya yi ƙiba sosai tun da aka sauya masa magani, kwanan nan kuma sai yawan shan ruwa da fitsarin dare. Mu murna muke yi wai ya murmure.

Anti Nas: Kawu, wannan ba abin murna ba ne tukuna. Wasu magungunan ƙwaƙwalwa, irin su olanzapin, suna sa ƙiba kuma suna iya janyo ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu tsananin taɓin hankali na rasuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sauran mutane, kuma akasari ciwon zuciya da sauran cututtukan jiki ne ke ɗauke su, saboda kowa kansu yake dubawa. Kada ku tsayar da maganin da kanku. A gwada sukarinsa da hawan jini, a kai wa likitansa sakamakon, shi zai san ko a sauya.

Maman Hanifa: To na janye rabi, Kawu. Amma rabin da ya rage ina nan a kai: duk wanda halinsa ya sauya, a fara duba jikinsa.

Kawu na Tudun Wada: Wannan rabin ba mu da faɗa a kansa. Anti Nas, gwajin sukarin nan, da safe ake yi kafin ya karya ko? Litinin in sha Allah zan kai shi da kaina.