Neman shawara: hannun Baba ya ƙi dawo da ji, ko maganin barci ne?

'Yar Tudun Wada: Assalamu alaikum. Mahaifinmu maɗinkin hula ne, tun muna yara da allurarsa ya ciyar da mu tara, har ya aurar da biyar. Ya samu shanyewar ɓarin jiki, an sallame shi, hannun dama na motsi amma ba ya bambance wake da tsakuwa in ya rufe ido. Masu gashi sun ba shi atisayen taɓawa, shiru kake ji. Ba ya barci, shi ya sa yayanmu ke sayo masa diazepam 5mg a kemis kullum dare. An ce akwai maganin mantuwa da ke buɗe ƙwaƙwalwa, in saya? Kullum sai Baba ya ɗauki allurar ɗinki ya ajiye.

Baban Amira (harhaɗa magunguna): Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, diazepam ɗin nan ne abin dubawa. Ƙwaƙwalwa na koyon ji ne ta hanyar ƙarfafa mahaɗar jijiyoyi, kuma makarɓan NMDA, wasu ƙofofin karɓar saƙo a jikin jijiyoyin, ne ke buɗe wannan aikin. Makarɓan GABA kuwa birki ne, diazepam kuma ƙara taka shi yake. A 2003 masu bincike a Bochum ta Jamus sun motsa fatar yatsan masu lafiya na awa 3, jin yatsan ya ƙaru. Da aka ba su memantine mai toshe NMDA, ƙarin bai samu ba. Lorazepam, ɗan'uwan diazepam, shi ma ya hana. Kuma diazepam na daɗewa: rabinsa kan ɗauki awa 20 zuwa 50 kafin ya fita, ga tsoho ya fi haka. Ƙwayar daren jiya tana jikinsa lokacin atisayen safe.

Abu Sadik: To a watsar da shi yau mana! Kemis-kemis ɗin nan sun gama da mutane, kowane lungu ana miƙa wa yara ƙwaya ba takarda, babu mai tsawatarwa.

Baban Amira: A'a Malam, kada a soma. Wanda ya yi makonni yana sha, in aka tsayar kwatsam zai iya jijjiga ko ya ruɗe. Likita ne ke ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa na yin wannan.

Maman Ilham (sashen gashi): Ni ban yarda duk laifin ƙwayar ba ne. Wancan binciken a kan masu lafiya aka yi. Yaya ake atisayen? A fara da abubuwa masu nisan bambanci, auduga da soso, kafin wake da masara. Ya taɓa yana gani, ya rufe ido ya sake, ya gwada da hannun hagu, sannan a faɗa masa nan take ko ya dace. Minti 15 zuwa 20, sau 2 ko 3 a rana. Inda ake kuskure shi ne a zuba masa shinkafa a kwano a tafi, yana ta juyawa ba mai gyara masa. Ruwan alwala kuma a riƙa gwada zafinsa da hagu, in ba haka ba zai ƙone bai sani ba. Barcin ma ana bukatarsa, a cikinsa abin da aka koya ke zama.

'Yar Tudun Wada: Anti, ai muna ƙoƙari, kowa na da aiki. Kuma ba don ƙwayar ba, har asuba idonsa biyu. Yaya ba zai cutar da Baba ba. Maganin mantuwar fa?

Baban Amira: Donepezil kike nufi ko memantine? Duka biyun na masu mantuwa ne, na biyun kuwa shi ne ya toshe koyon a binciken Bochum. Donepezil na ƙara acetylcholine, wani sinadarin aika saƙo a ƙwaƙwalwa, kuma a 2010 an ga ya taimaka wa koyon gani a wani ƙaramin gwaji a Amurka, amma yana rage bugun zuciya, yana sa amai. Fluoxetine ma, maganin ciwon damuwa, an sa masa rai ga masu shanyewar ɓarin jiki, babban gwajin FOCUS a Birtaniya ya nuna bai ƙara warkewa ba, sai karayar ƙashi da ta ƙaru. Kada ki saya. Yaushe abin ya same shi? Yana shan Piriton ko amitriptyline? Su ma suna danne acetylcholine.

'Yar Tudun Wada: Magungunan suna wajen yaya, kuma ya ce Baba ba zai je Barnawa ba, kada unguwa ta ce ya taɓu. Zan dai tambaye shi in ya dawo daga Kawo.