Baƙar ƙurar birki ta ishe ni a rim, in sa fad ɗin birki na siramik ko in mai da irin na da?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema kafin Asabar. Motata Marsandi C300 ce 'yar 2010, rim ɗinta farin aloyi ne, amma in an wanke ranar Lahadi kafin Talata na gaban biyu sun koma kamar gindin tukunya, na bayan kuwa fes. Kullum daga Kabuga nake zuwa Bompai, kun san gosulon hanyar, ƙafa a kan birki take wuni. Yanzu fad ɗin gaba ya kusa cinyewa. A Ƙofar Ruwa an ce min na gama-gari dubu 22, siramik dubu 48. Wanda ya taɓa sa siramik ɗin, da gaske yana rage baƙin? Kuma kamun birkin yana nan? Don in kamu zai ragu gara in haƙura da dattin.

Ɗan Fagge: Hunturu ne Alhaji. Garin nan yanzu ko kai ka tsaya bakin titi minti goma sai ka yi furfura.

Baban Ummi: Ƙurar hunturu ai fara ce malam, wannan baƙa ce wuluk, kuma tun damina nake fama.

Sarkin Tsokana: Ka yi wa rim ɗin baƙin fenti kowa ya huta 😂

Injiniya_KN: Ba ƙurar gari ba ce. Duk sanda ka taka birki fad yana goga diski, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, su biyun suna cinyewa, garin da ke fita akwai ƙarfen diskin a ciki, da zafinsa yake faɗawa kan rim shi ya sa yake mannewa. Na gaba sun fi baƙi don su suka fi ɗaukar nauyin tsayawa. Motocin Jamus an san su da wannan. Siramik ƙurarsa ba ta kai yawan ta mai ƙarfe-ƙarfe ba, kuma ba ta kai ta baƙi ba. Amma ka duba, in ɓangare ɗaya ya fi ɗaya baƙi to kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin diski, ita ce take riƙewa, ko na miliyan ka sa ba zai daina ba.

Malam Habu Kurna: Ni dai ko a mafarki na ji an ce siramik sai gabana ya faɗi. Bara ana saura kwana uku bikin ƙanwata na shiga kasuwa, wani yaro mai zaƙin baki ya ɗauko min kwali mai sheƙi har da rubutun Japan, ya rantse ya kuma rantse, na ƙirga masa dubu 35. Kwana biyun farko lafiya lau. Ranar kai amarya na kwaso iyaye mata cike da mota za mu Bichi, muna wuce Dawanau wani ɗan adaidaita ya faɗo min, na danne birki sai na ji ƙuuu kamar ana wasa wuƙa, motar tana ta tafiya abinta, gwaggona tana salati tana dukan kafaɗata, Allah ne kawai ya sa gefen hanya ba kowa na gangara. Da aka kwance wallahi fatar fad ɗin ta ɓalle daga jikin ƙarfenta, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, diski ya yi zane-zane kamar an bi shi da ƙusa. Sai da na sayi diski biyu. Na koma shagon yaron ya kalle ni ya ce bai taɓa ganina ba. Har yau gwaggo ba ta shiga motata.

Maman Walid: Innalillahi, Allah ya ƙara tsarewa Malam.

Injiniya_KN: Allah ya kyauta, amma jabu aka sayar maka, ba laifin siramik ba ne.

Malam Habu Kurna: To a kwalin me aka rubuta? Kai za ka bi shi kasuwar ka tantance masa?

Ɗan Fagge: Dubu 35 ma ai an yanke ka, ni a Sabon Gari dubu 14 na saya.

Abba Golf: Dubu 14 wace shekara? Satin da ya wuce na tambaya, na kirki bai gaza dubu 60 ba. Wanda ya ce maka 48 ma Baban Ummi ka bincike shi.

Ɗan Fagge: Na Corolla nake nufi.

Abba Golf: To mutum na maganar Marsandi kana kawo mana Corolla.

Oga Kanike: Shekara 19 ina kwance ƙarƙashin mota, ba a YouTube na koya ba. Yallaɓai ka nemi na Beljiyam da aka ciro a jikin mota, shi ne orijinal. Baƙin kuma alamar birkinka na aiki ne. Motar da rim ɗinta ke sheƙi kullum ita nake tsoro.

Injiniya_KN: Haba Oga, fad ɗin da wani ya ci rabi, ba ka san zafin da ya sha ba, shi za a ɗora wa iyali a kai?

Oga Kanike: Ka taɓa riƙe sifana? In motarka ta tsaya a Gadar Lado wayarka za ta gyara maka ko mu za ka kira?

Sarkin Tsokana: Ni Lifan gare ni, na zo kallo ne kawai.

Maman Walid: Ni abin da ya yi min aiki, na sa aka wanke rim tas ya bushe, aka shafa masa man nan na sheƙin mota. Ƙurar tana hawa amma ruwa da sabulu kaɗai ke sauke ta. Sai dai ku yi hattara da 'yan wankin mota, rim ɗina na da su suka kashe min. Na zo daga Zariya rim da zafi, yaron ya zuba masa wani ruwa daga gorar lemo, ashe da ruwan batir a ciki, ya bi da soson waya. A gabana ya yi fari tas har na ƙara masa ɗari biyar, bayan sati duk ya yi dabbare-dabbare kamar mai ƙyasbi.

Abba Golf: Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Tsumman da suka goge taya da shi za su goge gilas. Kuma sun mai da wanki dubu biyu.

Ɗan Fagge: Dubu ɗaya da ɗari biyar ne a wajenmu, sai dai canjin da ka bari a mota ya zama nasu.

Malam Habu Kurna: Ni turaren da gwaggo ta manta a motar ma a wajen wanki ya ɓata.

Baban Ummi: Jama'a gobe fa Asabar. Na leƙa yanzu da fitilar waya, na ɓangaren direba kamar ya fi baƙi, ko idona ne. Siramik ɗin ko na da?

Oga Kanike: Kawo ta gareji da safe, amma ka zo da kuɗin giris.

Abba Golf: Hajiya a ina kike kai naki wankin yanzu?