Me za mu kira "vieille ville coloniale" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Ƙanena yana yi wa baƙi jagora a nan Garwa ta Kamaru, kuma yana so ya buga 'yar takarda da Hausa, don yanzu baƙinsa ba Nasara kaɗai ba ne. Mutanen Yola da Mubi da Kano suna zuwa biki ko fatauci, in sun gama sai su ce a zaga da su gari. Takardar Faransancin da yake aiki da ita ta ce "vieille ville coloniale". Zagayen kansa ba gardama a kai, yawon buɗe ido ya zauna a bakin kowa. Sunan unguwar ne ya tsaya mana.

Ga abin da ake nufi, don kada mu yi ta magana a duhu. Unguwar nan ce da Turawan mulkin mallaka suka yanka wa kansu nesa da gidajen mutane: titi miƙaƙƙe, itatuwa a jere, gidan kumandan, kotu, gidan waya, kurkuku, kantunan kamfani kusa da bakin ruwa. Ginin ma da ka gan shi ka gane. Bango mai kauri, baranda ta kewaye gida don kada rana ta taɓa ɗaki, tagogin katako masu tsaga-tsaga da iska ke ratsawa ko an rufe, rufin kwano can sama.

Amsar farko da ta shigo, kuma ita ce mutane suka fi bayarwa: "tsohon gari". Wannan ban yarda da ita ba ko kaɗan, kuma saboda ita na buɗe maganar nan. Jamusawa sun kafa kansu a Garwa a 1901. Sun tarar da gari da lamidonsa da masallacinsa da kasuwarsa, fatake suna hawa da sauka a Binuwai. Haka Ngaundare, haka Marwa da suka ci da yaƙi a 1902. In muka ɗauki "tsohon gari" muka liƙa wa unguwar Nasara, me ya rage mu kira wajen fadar lamido? Yaron da ya karanta takardar zai tashi da zaton gari ya fara ne ranar da Bature ya kafa tuta. Bahaushe ya daɗe da raba waɗannan biyun: a Kano akwai cikin birni, akwai Nasarawa, a Damagaram akwai Birni, akwai Zango, akwai inda Faransawa suka zauna. Tsufa na masu gari ne.

Wata yaya tamu daga Marwa ta ce "unguwar Turawa" ko "unguwar Nasara", tunda haka iyayenmu ke faɗi. Yaya, gaskiyarki, kuma ba wanda zai ji ya kasa ganewa. Abin da ya sa na ja baya shi ne, baƙon da ya ji haka zai zaci Turawa ne a ciki har gobe, irin unguwar ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Sannan sunan ya share waɗanda suka ɗauki dutse da yashi a ka. Aikin tilas bai ƙare a ƙasashen da Faransa ke mulki ba sai 1946. Bature ya zana, ya ba da umarni, amma hannun kakanninmu ne a jikin bangon nan.

"Kufan Turawa" ma an kawo. Tana da daɗi a kunne, sai dai kufai wuri ne da aka tashi aka bari, alhali da yawa daga gine-ginen nan ofis ne har yau, da tuta da mai gadi a ƙofa. "Unguwar mulkin mallaka" kuwa daidai take, amma ba mai hawa mashin da zai ce a kai shi can.

Sai wani dattijo, malamin lakwal da ya yi ritaya, ya rubuto kalma biyu: "tsohon bariki". Baba, Allah ya ƙara girma, ni dai nan na tsaya.

Bariki aro ce daga Turancin Ingila, asalinta masaukin soja. Amma Hausa ta buɗa ta tuntuni, ta zama duk inda hukumar Bature ta zauna da ofisoshinta da ma'aikatanta. Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya shaida cewa su ma can, ƙasar Faransa ce ta mulke su amma tsofaffi bariki suke ce wa wajen kumandan. Ke nan kalmar ta riga ta tsallake iyaka da ƙafarta, ba mu muka ɗauko ta ba. Kuma ta dace da yadda wuraren nan suka faro a ƙasarmu. Garwa sansani ce a hannun Jamusawa, da ramuka da ganuwa, har sojojin Ingila da Faransa suka kewaye su suka miƙa wuya a watan Yuni na 1915. A dutsen Mora kuwa sai Fabrairun 1916 suka sauko. Njamena ma haka: bayan yaƙin Kusuri na 22 ga Afrilu 1900, inda Rabe da kumandan Lamy suka mutu rana ɗaya, Faransawa suka kafa sansani a ƙetaren Shari suka sa masa Fort-Lamy, sunan da bai canza ba sai 1973. Kusuri ita ma ta daɗe ana ce mata Fort-Foureau. Su da kansu sunan sansanin soja suka ba wuraren. Mu in mun ce bariki, ba mu ƙara ba, ba mu rage ba.

Na san abin da ke ran Hajiya da ta ce ita ba za ta iya ce wa surukanta "zo mu je yawon bariki" ba. Hajiya, kina da hujja, ba zan raina ta ba. Ɗan bariki, matan bariki, ya shiga bariki, duk mun san me ake nufi. Amma a duba daga ina wannan ma'anar ta fito. Kuku da boyi da tafinta da masinja da soja, su ne suka bar cikin gari suka koma zama gefen Bature, nesa da idon iyaye da liman, suna cin albashi, suna jin wani yare. Mutanen gari suka dube su da tsoro da zargi, har sunan wurin ya zama sunan hali. Wannan tarihi ne da ya kamata baƙo ya ji yana tsaye a gaban ginin, kuma babu wata kalma cikin waɗanda aka kawo da ke ɗauke da shi. Sannan "tsohon" da ke gaba yana gyara zance. Ba wanda zai ji "tsohon barikin Jamus" ya kai hankalinsa wani wuri.

Na gwada ta a wuraren da ba namu ba, ta zauna. Bonanjo a Duwala, inda gidan sarautar Bell da ake ce wa La Pagode yake tun 1905: tsohon barikin Duwala. Jamusawa sun nemi tashin mutanen Duwala daga bakin ruwa don unguwar ta zama tasu su kaɗai, sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, suka rataye shi a 8 ga Agusta 1914. Wanda ya kira wannan wuri tsohon gari ya ba Jamusawa abin da mutumin nan ya mutu yana hana su. Grand-Bassam a Kodebuwa, da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012, akwai bariki a gefe guda, akwai ƙauyen mutanen Nzima a gefe guda, duka biyun aka rubuta. Agadas kuwa, da ta shiga a 2013, ita ce tsohon gari na ainihi, da hasumiyarta ta ƙasa da fadar sarkinta. Kun ga amfanin samun kalma biyu dabam.

To ga yadda za mu sa a takardar, sai in wani ya kawo wadda ta fi: "Yawon buɗe ido a tsohon bariki, wato unguwar da aka gina wa Turawan mulkin mallaka." Bayanin zai zo sau ɗaya a farko, daga nan sai "tsohon bariki" kawai. Zagayen fada da kasuwa da tsofaffin unguwanni kuma zai ci sunansa na "cikin gari", shi ne zai zo a shafin farko.

'Yan'uwa na Njamena da Abeshe, ku kaɗai ban ji daga gare ku ba. Ku tambayar mana tsofaffinku yadda suke kiran wajen ofisoshin Faransawa, da Hausa da kuma Larabcin Cadi, kafin a kai takardar wajen bugawa.